Shekarun da Allona Ya Yi a Rataye

A gidanmu ba da ƙidayar shekaru ake ba yaro allo ba. Shekarun ma ba wanda ya riƙe su da kyau. Ni dai an ce da damina aka haife ni, shekarar da aka fara yaƙi, kuma sai da na girma na san ana ce mata 1967. Abin da ake jira bakin Kaka ne, mahaifiyar Baba, wadda duk yaran gidan, har da na dangi da ake kawowa riƙo, a gabanta muka buɗe ido da karatu, ƙarƙashin rumfar kara da ke ƙofar ɗakinta, can cikin birnin Zariya, a wani lungu da katangarmu ta haɗa baya da tsohuwar marina. Ba a kai mu ko'ina ba. In ta ce yaro ya isa, ya isa. In ta yi shiru ta ci gaba da murza mazarinta, sai a bar maganar.

Ni ta daɗe tana yi mini shiru.

Allona ya riga karatuna zuwa gidan. Baba ne ya sayo shi shekarar da motoci suka koma hannun dama, 1972, ina tsakanin huɗu da biyar, ɗan ƙarami daidai ƙirjin yarinya, na itacen aduwa, an naɗe masa wuya da jar fata, yana ta ƙamshin sassaƙa, irin ƙamshin nan mai ɗan ɗaci da ke maƙalewa a hanci. Ya shigo da shi bayan la'asar, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a bakin rumfar. Shi ɗan fari ne, saboda haka Kaka ba ta kiran sunansa, ba ta kuma duban fuskarsa. In za ta yi masa magana sai ta yi wa zaren da ke hannunta.

"Iya, ga allon yarinyar nan. Na ga bakinta ya buɗe, ba abin da ba ta faɗa."

Ta dangwali alli da yatsa, ta murza mazari, ya yi ta juyi har ya gaji. Sannan ta ce, "Kai da ka tashi a gidan da ake daddawa, yaushe ka ga an buɗe kwando ran da aka rufe shi?"

Bai ce komai ba. Ita ma ba ta ƙara ba. Ta karɓi allon da hannu biyu, ta shafa shi, ta sa masa albarka, ta miƙe ta rataye shi a ƙusa saman ƙofar ɗakinta, kusa da gafakar da Alƙur'anin marigayi Kakanmu ke ciki. Nan ya zauna. Hunturu ya zuba masa ƙura, damina ta sa jar fatar ta yi duhu, gizo-gizo ya yi masa yana ta baya, ni kuwa ba na shiga ɗakin nan ko na fita ban ɗaga kai ba.

Yanzu in na tuna yarinyar nan mai ɗaga kai, mamakinta nake ji. Me take tsammani yana cikin katako? Ita ce mai ɗauko ruwa a moɗa ranar da manya za su wanke alluna, ta tsuguna tana kallon baƙin ruwan yana gangarawa cikin ƙwarya, ba a bari ko ɗigo ya taɓa ƙasa. Ita ce mai zama kusa da murhu ranar dafa tawada, tana shaƙar tururin zuge da ƙaro har idonta ya yi ruwa. In ba kowa, sai ta buɗe kurtu ta sansana. Ta samo tsinken tsintsiya ta yi ta zane a turɓaya bayan randa, inda ƙasa ke da laima, tana motsa leɓe yadda ta ga Yaya yana yi, in ta ji tafiya ta share da tafin ƙafa. Ba wanda ya hana ta. Daga baya na gane Kaka tana sane, don wata rana na iske an share wurin tsaf an bar mini tsinkena a jingine.

Dalilin shirun nata kuwa yana zaune tare da mu a kan tabarma ɗaya, wato Yaya. Shi tun yana shekara huɗu Baba ya sa shi gaba a zaure, lokacin Kaka ta tafi jinyar wata ƙanwarta ta yi watanni. Ko da ta dawo ta tarar da yaro mai surutu ya koma shiru, in ya ji an ce a ɗauko allo sai ciki ya murɗa masa, ya ɓuya bayan rumbu, har wata 'yar in'ina ta fara kama shi wadda ba a haife shi da ita ba. Ba dukansa Baba yake yi ba, Baba bai iya duka ba. Nanatawa ce kawai, da dogon numfashin da babba kan ja in yaro ya sake mantawa, wanda ya fi bulala shiga jiki. Kaka ta wanke allon, ta rataye shi a wannan ƙusar dai, ba ta sauko da shi ba sai da ya yi famfara. In'inar ta tafi. Ya yi karatu, ya sauke, aka yi masa allon zayyana aka ci tuwo. Amma har ya yi furfura, in ya ɗauki takarda sai ka ga goshinsa ya tattare tun bai fara ba, kuma ban taɓa ganin ya buɗe littafi don nishaɗi ba. Wannan yana yi mini ciwo har yau.

Ba na kuma ganin laifin Baba. Shi da girmansa ya koyi boko, yana magidanci, a ajin Yaƙi da Jahilci da ake yi da yamma, bayan ya wuni a kan ɗinkin riga idonsa ya gaji. Ya san zafin mutum ya kai wasiƙarsa ga wani ya karanta masa sirrinsa. Gani yake duk ranar da ta wuce yaro bai san baƙi ba an yi asararta. Tsoron makara ne ke tura shi, ita kuma tsoron gaggawa ne ke riƙe ta, dukansu biyu kuwa saboda mu suke.

Shekarun jiran nan ba a banza suka tafi ba, ko da yake a lokacin haka na ɗauka. Kunne aka fara cikawa. Da asuba, in sanyi ya yi yawa a hura wutar kara, mu ƙanana marasa allo mu zauna a baya, ta biya mu amsa, daga Fatiha zuwa Nasi zuwa Falaƙi, a hankali har Li'ilafi da Alamtara, ba mu san akwai wani abu wai shi baƙi a ƙarƙashin abin da muke rerawa ba. Muryarta tana da ɗan kaushi da safe, sai ta sha kunu take washewa. Da dare kuma tatsuniya, da kacici-kacici, da maganganun karya harshe da muke ta tuntuɓe a kansu muna dariya. Ƙidaya da gurya muka koya, wadda ta gurje daga audugarta, mu jera ta biyar-biyar a kan faifai. Alhamis da Juma'a ba karatu, ko na baki.

Akwai kuma abubuwan da ban san gwaji ba ne sai da na haifi nawa. Takan miƙo mini faifan wake ta ce, "Kishiya, tsince mini wannan." Kishiya take ce mini, yara maza kuma duk mazajenta ne, kullum tana ƙorafin ba su ba ta kuɗin cefane ba. Sai in fara da zafi, in ware tsakuwa da ɓawo da waken da ƙwaro ya huda, kafin in kai rabi kaza ta wuce da 'ya'yanta, ko a buga ganga a wata unguwa, shi ke nan na tashi. Ba ta kira ni. Ta jawo faifan ta ƙarasa. Ko ta aike ni maƙwabta da saƙo mai kai uku: in ce tana gaisuwa, in ce a aro mata rariya, in kuma ana aiki da ita a ce yaushe za a gama. A hanya sai na tsaya bakin marina ina kallon masu rini suna tsoma farin zane ya fito kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idona, ga warin baba da toka ya cika lungun, ga ƙarar mabuga daga can ciki, tim, tim, tim. Ko da zan isa, gaisuwar kaɗai ta rage a bakina. Da dare kuma ta ce, "Tatsuniyar jiya, ke za ki yi mana yau," ta kishingiɗa tana saurare ko zan kai Gizo gida kafin ya fita. Ba ta taɓa ce mini na faɗi ba. Ashe duk tana duba ko zan iya riƙe abu daga farkonsa zuwa ƙarshensa, ko idona zai tsaya a kan ƙaramin bambanci ya daɗe.

Allon nake so, da jar fatarsa da ƙamshinsa. Zaman da yake bukata ban da shi tukuna. Ita ta ga wannan, ni da Baba ba mu gani ba.

Shekarar canjin kuɗi, 1973, ita ce shekarar da ruwa ya ƙi, gero ya yi tsada, baƙi suka yi ta shigowa gari daga arewa da 'yan ƙullin kayansu, Inna ta riƙa ƙara ruwa a kunu tana raba wa na ƙofa. Kaka ba ta saba da sababbin kuɗin ba. Kwabon da ta sani mai huji ne, ana zura shi a zare, wannan kuwa ba huji, ga su duk sabbi suna ƙyalli, ita har ta rasu sule da sisi take cewa. Masu sayen daddawa in sun zo sai ta baza kuɗin a tafin hannu tana juya su. Wata rana na leƙa na ce, "Kaka, wannan mai bishiyar kwakwa shi ne sulenki, wannan ƙaramin sisi, mai gyaɗar nan kuma ya fi su duka." Ta dube ni, dubawar da ba ta saba yi mini ba, ta ce in sake ware su. Na ware. Tun daga ranar ni ce mai karɓar kuɗin daddawa, in zauna gefenta da 'yar tasa, hannuna yana warin kalwa har dare, kuma a wannan zaman ne, ina jin, na koyi zama.

Haƙorina na gaba ya fara girgiɗi da bazarar 1974. Na yi kwanaki ina tura shi da harshe, ranar da ya fita a cikin ɗanyen mangwaro na rufe baki da hannu na ruga ɗaka, don kada ƙadangare ya ga giɓin wani ya ƙi fitowa. Kaka ta ce, "Zo nan, kishiya, buɗe in gani." Ta leƙa, ta yi dariya, ta ce yanzu mijin ya zama nata ita kaɗai. Sannan ta miƙo faifan wake. Na tsince shi tas, har na busa ƙaiƙayin, na mayar mata.

Ranar Laraba ta sauko da allon.

Inna ta daka gumba tun da safe aka raba wa yaran lungu sadaka. Kaka ta kaɗe ƙurar, ta wanke shi, ta shafa masa farar ƙasa ta jingine a rana, ni kuwa na tsuguna gabansa ina jiran ya bushe, ina ganin laimar tana ja da baya daga gefe zuwa tsakiya. Ta zaro sabon alƙalamin gamba, ta feƙe shi da aska, ta tsaga bakinsa, ta gwada a farcen babban yatsanta. Har yau ina jin kukan alƙalamin nan a kan katako, ƙiii, ƙiii, da ɗan tsayawar da take yi ta tsoma a kurtu ta sharce a gefe. Manya-manya ta rubuta su, baƙaƙe wuluk, ba wasali ko ɗaya. Ta zaunar da ni a jikinta, warin daddawa da man shanu da hayaƙi duk a zanenta, ta kama hannuna da tsinke a ciki ta ɗora a kan na farko, can dama. Alu. Ambaki. Wau. Zal.

Babbaƙu sunaye gare su irin na mutanen gida, kuma haka na ɗauke su. Ba guje, ha kuri, mim jaye, nun ara, kaf lasan, an likkafa, ɗa mai hannu, jim ƙarami koma baya. Wasu na ƙaunace su tun ganin farko, wasu sai da muka daɗe. Fa a wurinmu ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, hannun Warshu ke nan da aka gada, shi ya sa ranar da wani kawunmu ya dawo daga Makka da bugaggen Alƙur'ani na buɗe na ga fa da ɗigo a ka, na kai wa Kaka da gudu ina cewa an yi kuskure. Ban sha wuya a babbaƙu ba. Abin da ya ci wa Yaya shekara yana kuka, ni kafin kaka ta yi na wuce shi, ba don na fi shi kai ba, Allah ya sani ya fi ni.

Sai farfaru. Wasali bisa, wasali ƙasa, rufu'a, ɗauri. Nan ne abin ya faru, wata safiya da hazo, ina bin tsinke ina haɗa baƙi da wasalinsa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, da ƙyar, ina jin sautin yana fita guntu-guntu ba ma'ana, har na kai tsakiyar layi, sai kunnena ya riga idona, na ji guntayen nan sun manne sun zama abin da nake rerawa tun ina goye a bayan Inna, abin da nake karantawa kowane dare in tofa a hannu in shafe jiki. Nasi ce. Ashe tana nan a kan katako, ashe na daɗe da saninta. Na ɗaga kai na dubi Kaka. Ba ta bar kaɗinta ba, ta dai ce, "Ci gaba."

Da a ce haƙori ne dokarta, da ƙanwata ba ta karya ta ba. Ita 1970 aka haife ta, shiru-shiru ce, 'yar duƙurƙusa, in aka ajiye ta wuri nan za a dawo a same ta. Duk karatun nan da nake yi tana manne da kafaɗata tana tsotsar yatsa. Wata rana na tsaya ina laluben wani baƙi, sai na ji daga gefe an ce, "Lam ara." Ba ta cika biyar ba, haƙoranta na nono reras. Kaka ta ajiye mazari, ta jawo ta, ta nuna mata wannan ta faɗa, ta nuna wancan ta faɗa. Da Baba ya shigo gaisuwar dare ta ce wa zarenta, "A nemo wani allon." Nata ko kwana bai yi a ƙusa ba. Na ji wani abu ya tsaya mini a wuya a daren, ba zan ɓoye ba, amma da safe da muka jera kafaɗa da kafaɗa, ita da nata ni da nawa, daɗi ya fi yawa.

Gardama ta biyu a kan boko aka yi ta. Baba yana da Ka Koyi Karatu a cikin adudu, tun na ajinsu, gefensa ya naɗe, yana warin kafur. So yake ya haɗa mini biyun. Kaka ta ce a'a, hannun da bai gama sabawa da tasowa daga dama ba, ba a juya shi hagu. A bari in kai Sabbi. Wannan karon bai ja ba. Na cika izu ɗaya a 1975, shekarar da Sarki Aminu ya rasu aka naɗa Shehu Idris, aka yi waina aka raba, daren nan kuma Baba ya kira ni zaure. Fitilar ƙwai ce a can, ba aci-balbal irin ta cikin gida ba, haskenta fari, tana warin kananzir, ga riguna a jibge an zana musu aska takwas da aska biyu suna jiran allura. Ya ture su gefe, ya shimfiɗa buzu, ya buɗe littafin da hannun da ke ɗan rawa. Ina jin ya fi ni ɗoki. Baƙaƙen boko ba su da sunaye masu daɗi, amma wasalinsu a cikin layi yake tsaye, ba sai an neme shi sama ko ƙasa ba, kuma wanda ya riga ya san zane yana iya magana ba ya daɗewa a kansu. Ba a jima ba na fara karanta masa kanun Gaskiya Ta Fi Kwabo yana ɗinki, in na yi tuntuɓe ya gyara ba tare da ya ɗaga kai ba, ba dogon numfashi ko sau ɗaya. Daga nan ya kawo Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, na shiga da ita cikin gida, matan gidan suka riƙa taruwa bayan isha'i ina karanta musu. Kaka takan juya mana baya wai ita ba ruwanta da karatun zaure, amma in na rufe littafi sai ta ce, "To, shi akun sai ya ce me?"

A watan Satumba na 1976 aka ce kowane yaro ɗan shekara shida a kai shi firamare, kyauta. Mai unguwa ya zagayo da malamai biyu da babban littafin rajista, aka fito da yaran lungu ƙofar gida. Su ma ba su tambayi shekaru ba. Sai a ce yaro ya ɗora hannun dama bisa kai ya kamo kunnen hagu. Akwai ɗan Goggo da ake riƙo a gidanmu, bai wuce biyar ba amma dogo ne, ya miƙa hannu ya cafke kunnen har da saura. Ƙanwata ta yi ta miƙa 'yan yatsunta, ta karkata kai, ta cije leɓe, ba su kai ba. Aka rubuta shi, aka ce ita sai baɗi.

Baba ya shiga ya durƙusa bakin rumfa ya faɗa. Kaka ta kira yaron, "Zo, maigida," ta miƙa masa faifan wake. Ya tsinci 'yan ƙwayoyi, ya hango ɗan akuya ya tsinke igiya, ya bi shi. Ta jawo faifan gabanta ta ce, "A je a ba mai unguwa haƙuri. Wannan a bar mini shi tukuna. Waccan kuma a tafi da ita, a riƙa mata takarda."

Baba ya sa hula, ya naɗe jarida a hammata, ya kama hannun ƙanwata, ni ina biye. A zauren mai unguwa ya buɗe mata shafin farko, ta tsaya a gaban malaman ta karanta musu layi uku da 'yar muryarta, boko da ta tsinta a bakin ƙofar zaure lokacin da ake koya mini. Babban cikinsu ya dubi ɗan'uwansa, ya soke sunan yaron, ya rubuta nata. Sannan ya nuna ni da alƙalami ya ce, "Wannan babbar fa, Malam?"

Baba ya ce, "Ita ma sai na tambayi Iya."